Kafin Ɗanmu Ya Ɗauki Dutse

A ƙarshen watan Maris na 2025, saura 'yan kwanaki a yi Ƙaramar Sallah, 'yan banga a garin Uromi na Jihar Edo suka tare wata babbar mota da ta taso daga Jihar Ribas ta nufi Kano. Mafarauta ne a ciki, za su gida yin Sallah da iyalansu. Aka ga bindigoginsu na farauta, wani ya ce ai masu garkuwa da mutane ne, kafin ka ce kwabo gari ya taru a kansu. Mutum 16 aka lakaɗa wa duka aka cinna musu wuta. Shekara uku kafin nan, ranar 12 ga Mayu, 2022, ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato suka jefe 'yar uwarsu ɗaliba, Deborah Samuel, suka ƙone gawarta, bisa zargin ta yi ɓatanci a wani saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu. Kwana goma tsakani, 'yan bindiga a Jihar Anambra suka harbe Harira Jubril, 'yar asalin Adamawa, tana da ciki, tare da 'ya'yanta huɗu.

Da gangan na jera waɗannan ukun a wuri guda, kuma na san saƙonnin da za su biyo baya. Wani zai ce don me na haɗa Deborah da mafarautan da ba su ci ba ba su sha ba. Wani daga can zai ce don me na tuna Harira na manta mutanen ƙauyensa da aka yi wa yankan rago cikin dare a Filato ko Kudancin Kaduna. Kowane ɓangare a ƙasar nan ya haddace jerin mamatansa, da rana da wata da shekara, amma in ka tambaye shi waɗanda nasa suka kashe sai ya fara kame-kame. Wannan haddar rabi da rabi muke gadar wa 'ya'yanmu, kuma ita nake son makaranta ta shiga tsakani ta gyara.

Dokokin ƙasashe da dama sun ware wa irin wannan ta'asa babi nata, suna kiran ta laifin ƙiyayya: a cutar da mutum saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko launin fatarsa, ko wata nakasa da yake da ita. Ɓarawon da ya tare ka kuɗinka yake so. Mai laifin ƙiyayya ba ruwansa da ko wane ne kai. Da ƙaninka ya samu a madadinka, da shi zai kashe, domin jinsinku yake nufi. Shi ya sa cutar ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Daren da labarin Uromi ya iso Arewa, ɗan Kudu mai shago a Sabon Garin Kano ya kwana da fargaba, alhali ko sunan garin wataƙila bai taɓa ji ba. Haka mai shayi da mai gyaran takalmi ɗan Arewa a Onica ko Fatakwal yake tattara 'yan komatsansa duk lokacin da aka ce wani abu ya faru a gida. Da haka ramuwar gayya take samun ƙafa: an kashe marar laifi a can, sai a nemo marar laifi a nan a biya bashi da jininsa.

Ingila ta koyi wannan darasi da tsada. Ranar 22 ga Afrilu, 1993, wasu samari fararen fata suka daɓa wa Stephen Lawrence wuƙa yana jiran motar bas a unguwar Eltham ta birnin Landan. Shekararsa 18, baƙar fata ne, iyakar laifinsa ke nan a wurinsu. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, sai a 2012 aka samu biyu daga cikin maharan da laifi. Amma kafin nan, a 1999, kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali William Macpherson ya fitar da rahoto mai shawarwari 70. Yawancinsu kan 'yan sanda ne, sai dai kwamitin bai tsaya nan ba, ya leƙa aji. Ya ce a gyara manhajar karatu ta yadda za ta yaƙi wariyar launin fata, ya ce kowace makaranta ta riƙa rubuta duk wani cin zarafi na wariya da ya auku a cikinta, ta sanar da iyaye da hukumar ilimi, masu duba makarantu kuma su riƙa bin diddigi. Hikimar a fili take. Samarin da suka riƙe wuƙar nan sun yi shekaru suna zaune a aji, gaban malamai, suna furta abin da ke ransu, babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Mu namu ya fi haka muni, domin sau da yawa a cikin makarantar ma wutar take tashi. Rikicin Kafancan na watan Maris 1987, wanda ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u da masallatai, daga Kwalejin Ilimi ya faro, tsakanin ɗalibai masu shirin zama malamai. A watan Maris 2007, a wata sakandaren gwamnati a Gombe, ɗalibai suka kashe malamarsu da ke sa ido a jarrabawa bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. Yara ne 'yan sakandare, da kayan makaranta a jikinsu. Na Sakkwato kuma kwalejin horar da malamai ce. Cikin waɗanda suka yi jifa a ranar, ko suka tsaya kallo suna ɗauka da waya, babu mamaki yau wasu suna tsaye gaban allo da alli a hannu. Saboda haka in wani ya ce mini ai jahilai ne da 'yan tasha da waɗanda ba su je boko ba suke wannan aika-aika, sai in ce ya sake duba tarihi. Gaskiya ne muna da yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, kuma wannan masifa ce mai zaman kanta. Amma takardar shaidar karatu ba ta taɓa hana hannu ɗaukar dutse ba, matuƙar ba a koya wa mai hannun cewa wanda ke gabansa mutum ne ba.

To me muke koyarwa yanzu? Akwai darasin Sibik, na ilimin zama ɗan ƙasa, akwai na zamantakewa, akwai na addini. Kwanakin baya na zauna a bayan wani aji a ƙaramar sakandare ta gwamnati. Yara sun cika ɗakin maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa. Malam ya rubuta ma'anar zaman lafiya a allo da Turanci, ya jera amfaninsa guda biyar, yara suka kwafa, suka maimaita da ƙarfi har sau uku. Aka kaɗa ƙararrawar tara. Ina tsaye a baranda sai na hango yara sun zagaye wani siririn yaro Bafulatani a gindin dalbejiya, yana riƙe da ƙosansa a takarda. Ɗaya yana cewa, “Ɗan bindiga, ina kuka ɓoye mutanen?” Wani ya ce, “Nawa ne kuɗin fansa yau?” Sauran na ta shewa. Wani malami ya zo wucewa, ya yi murmushi, ya ce, “Kai, ku ƙyale shi mana,” bai ko rage sauri ba. Yaron bai ce uffan ba. Ya ninke takardar a kan ƙosan, ya cusa a aljihu, ya koma aji shi kaɗai ya kifa kai a benci. Waɗannan yaran minti goma da suka wuce suka gama rera amfanin zaman lafiya, kuma in aka yi jarrabawa dukansu za su ci.

Wannan yaron yana tuna mana cewa maganar ta wuce Kudu da Arewa, ta wuce Musulmi da Kirista. A Zamfara da Katsina da Sakkwato an sha kashe Bafulatani a kasuwa don kawai kamanninsa, an sha ƙone ƙauyen Hausawa don kawai Hausawa ne, dukansu kuwa alƙibla ɗaya suke kallo. A watan Yuni 2023 an kashe wani mahauci Musulmi a mayankar Sakkwato bisa zargin ɓatanci, babu alƙali babu shaida. Akwai zabiya da ake bi da waƙar tsokana, akwai mai taɓin hankali da yara ke jifa manya na dariya, akwai Bahaushe Kirista da ake yi wa kallon bare a garin kakanninsa, akwai ɗan wannan ɗariƙa da ɗan waccan ƙungiya da aka raina su kan cewa ɗayan ba mutumin kirki ba ne. Yaron da ya saba jifan mahaukaci yana ɗan shekara bakwai, hannunsa ya riga ya san nauyin dutse.

Ruwanda ta ga ƙarshen wannan hanya. Kafin 1994, a makarantu da yawa malami kan sa 'yan ƙabilar Tutsi su miƙe tsaye a aji a ƙirga su, sauran yara na kallo. Gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran su kyankyasai har kunne ya saba. Da lokaci ya yi, cikin kwana kusan 100 aka kashe mutum wajen 800,000, akasari da adda, akasari kuma maƙwabci ne ya kashe maƙwabci. Amma a ƙasar nan dai, daren 18 ga Maris, 1997, 'yan tawaye suka kutsa makarantar sakandare ta Nyange, suka ce ɗalibai su rabu, Hutu gefe guda, Tutsi gefe guda. Yaran suka ƙi. Suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, shida suka mutu, wasu da dama suka jikkata. Waɗanda suke Hutu a cikinsu sun san da sun matsa gefe ɗaya da sun tsira, suka zauna inda suke. Yau suna cikin gwarazan ƙasa da ake tunawa da su kowace shekara, ƙasar kuma ta saka koyar da zaman lafiya da tarihin kisan ƙare-dangi cikin manhajarta. Ajin da aka yi amfani da shi wajen raba yara, shi ne kuma ya fitar da waɗanda suka ƙi rabuwa ko da bakin bindiga.

Abin da nake nema a makarantunmu ba wani sabon fanni ne mai littafi da kwangila da jarrabawa ba. Jadawalin ya riga ya yi wa yara yawa. A cikin darussan da ake da su za a zuba shi, amma da sharaɗi ɗaya wanda in babu shi gara a bari: duk ranar da aka koyar da abin da aka yi mana, a koyar da abin da muka yi, a sa'a guda, a allo guda. In malami a Kano ya ba da labarin Uromi, ya ba da na 'yan ƙabilar Ibo da aka kashe a garuruwan Arewa a 1966. In malami a Jos ya ba da labarin ƙauyukan da aka kai wa hari, ya ba da na matafiya fiye da 20 da aka tare a hanyar Rukuba a watan Agusta 2021 suna dawowa daga taron zikiri a Bauci, da na 'yan ɗaurin aure daga Zariya da aka kashe a yankin Mangu a watan Yuni 2025. Darasin da ya tsaya kan “dubi yadda suke ƙin mu” fetur ne, ko da an lulluɓe shi da sunan wayar da kai. Yaro zai fita daga ajin da ƙarin hujjar ƙin wasu, ga kuma hatimin makaranta a kai. An cire Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai bayan fiye da shekara goma aka dawo da shi. A tsawon wannan lokaci yaranmu ba su zauna babu tarihi ba. Sun koye shi a majalisar unguwa da Facebook, daga bakin wanda ya fi kowa zafin kai.

Sai kuma abin da yaro zai yi a aikace, domin ta'asar taron jama'a cikin 'yan mintoci take faruwa. An kwarma ihu a kasuwa, “Ɓarawo!” ko “Ya zagi Annabi!” ko “Ga masu satar mutane!” Me ɗan shekara goma sha biyar zai yi? A koya masa ya tambayi kansa: wa ya gani da idonsa? A koya masa cewa in ya jefa dutse ɗaya cikin ɗari mutum ya mutu, yana da kaso a jinin a wurin Allah, a gaban kotu kuma ana iya tuhumarsa da kisan kai. A koya masa wa zai kira, wane babba zai ruga ya sanar, da yadda ake janye aboki daga cikin taro. A kawo ainihin irin saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, tsohon bidiyo daga wata ƙasa da aka liƙa wa sunan garinmu, a sa yara su gano ƙaryar da kansu. A yi wasan kwaikwayo a aji, yau kai ne baƙon da mota ta lalace masa a garin da ba ka jin yarensu, gobe kai ne mai gari. Duk wannan da Hausa za a yi shi, ko da harshen da yaran suke faɗa da shi a filin wasa, domin da shi suke zagi, da shi kuma za su ji kunya.

Na san inda takalmin yake matsa wa da yawa daga cikinmu, wato maganar ɓatanci. Ni Musulmi ne, taɓa mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙona mini rai kamar kowa, kuma darasin da nake magana dole ya koya wa yaro Kirista da Musulmi cewa abin da wani yake tsarkakewa ba abin wasa ba ne. Amma babu mazhabar da ta miƙa hukunci ga taron 'yan jifa. Shari'a ta ce alƙali, ta ce shaidu, ta ce a ji ta bakin wanda ake zargi. Majalisar Sarkin Musulmi da kanta ta yi tir da kisan Sakkwato ta nemi a hukunta masu hannu. Malamin addinin Musulunci yana da ayar Suratul Ma'ida kan girman rai guda, yana da ayoyin Hujurati kan tantance labari kafin a yi aiki da shi, da hana izgili da jifa da munanan laƙabi, da hikimar yin mu ƙabila-ƙabila. Malamin addinin Kirista yana da misalin Basamariye mai tausayi. Kayan aikin suna hannunmu tun tuni, ba mu ɗora su kan abin da ke faruwa a bakin ƙofar makaranta ba ne kawai. Kuma tunda miliyoyin yaranmu Islamiyya da tsangaya da makarantar Lahadi suka fi sani, alaramma da fasto suna cikin wannan aiki tsundum.

A ba yara gwaraza na kusa da su. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, lokacin wani hari da aka kai a watan Yuni 2018, yana da shekara 83, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya gaban maharan ya ƙi ba da su. A Kaduna akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare. Yara nawa ne a Rigasa ko Sabon Tasha suka san waɗannan sunaye?

Na ambaci unguwannin nan biyu ne saboda tun bayan rikicin 2000 da na 2002, Kogin Kaduna ya zama iyaka, kowa ya koma cikin nasa. Haka Jos, yaron Unguwar Rogo da na Jenta za su iya gama sakandare ba su taɓa zama benci ɗaya ba. Iyayenmu da suka yi makarantun haɗaka na tarayya, ko shirin musayar ɗalibai tsakanin jihohin Arewa, ko hidimar ƙasa da aka kafa a 1973, suna da aboki ɗaya aƙalla da za su tuna in an ce “waɗancan mutanen”. Yaran yau da yawa ba su da ko ɗaya. A Ireland ta Arewa, ana tsakiyar rikicin Katolika da Furotesta, iyaye ne da kansu suka buɗe makarantar Lagan a 1981 da ɗalibai 28 daga ɓangarorin biyu. Mu ko ba mu kai nan ba, me zai hana makaranta daga wannan tsallaken da ta wancan su riƙa haɗa muhawara da ƙwallo da aikin gayya sau ɗaya a wata?

A 2019 Majalisar Dattawa ta ɓata lokaci kan ƙudirin kalaman ƙiyayya mai ɗauke da hukuncin rataya, jama'a suka yi ca, ƙudirin ya mutu. Ko da ya wuce, igiya ba za ta kai ga abin da na gani a gindin dalbejiyar nan ba. Malamin da ya wuce yana murmushi shi ne za a fara da shi. A kwalejojin ilimi a horar da masu shirin koyarwa yadda ake tsayar da irin wannan tsokana nan take, da yadda ake tattauna rikici a ajin da ke da 'ya'yan ɓangarorin biyu ba tare da an tashi baram-baram ba. Kowace makaranta ta ajiye littafi guda a ofishin shugabanta, a riƙa rubuta duk cin zarafin da aka yi wa yaro saboda ƙabila ko addini ko nakasa, da matakin da aka ɗauka, a karanta shi a taron iyaye da malamai. Malamin da aka samu yana kiran ɗalibinsa arne ko ɗan ta'adda a aji, a hukunta shi kamar wanda ya saci kuɗin jarrabawa.

Kwamishinonin ilimi na Kano da Kaduna da Filato da Sakkwato da Bauci da Gombe, babu ɗayanku da ke buƙatar izinin Abuja kafin ya aika wa shugabannin makarantu takarda kan littafin nan da horon malamai. Ku fara da zangon karatu mai zuwa. Ku kuma iyaye, a taron makaranta na gaba ku ɗaga hannu ku tambayi shugaban makaranta abin da yake yi idan aka zagi yaro da ƙabilarsa, kada ku zauna sai ya ba ku amsa.